Kwalin da Na Yi wa Ƙazafi

Masu karatu, ku yi haƙuri da ni yau. In kun ga rubutun nan yana tangaɗi, to mai rubutun ce ke tangaɗi. Wata biyar ke nan rabona da barcin da za a kira barci. A shagon tabarau nake aiki, ni ke goge gilasai, ni ke ɗaure ƙananan ƙusoshin nan da sai an ƙanƙance ido ake ganinsu, ni ke tsayawa bayan mutum yana gwadawa yana tambayata ko ya yi masa kyau. Shagon kuwa madubi ne ta ko'ina. Duk inda na juya sai in ci karo da wata baiwar Allah mai jajayen idanu, sai daga baya in tuna ai ni ce. Kwanaki na saka wa wani dattijo gilashin dama a hagu, ya ɗora a hanci ya ce duniya ta karkace. Uwar ɗakina ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in je in wanke fuska.

A gida Auta ake kirana, ko da yake shekarata ashirin da bakwai, kuma Yayata da ke gidan mijinta ba ta bari in manta da wannan lissafin. Mu uku ne a gidan yanzu, Abba da Umma da ni. Sai kuma wanda ke son ya ɗauke ni daga cikinsu, wanda kowa a gidan ke kira Mai Tsani, don ranar farko da ya shigo da tsani a kafaɗa ya shigo. Sana'arsa haɗa wa mutane intanet a gidaje da ofisoshi. Shi ya kafa mana na'urar waifai a koridon da ke tsakanin ɗakina da ɗakin Abba, ya sauko ya nemi ruwan sha, daga nan na'urar ta riƙa samun matsala duk mako, matsalar da shi kaɗai ke ganinta. Ina son sa. Na faɗa tun yanzu, don kada abin da zan ba ku labari ya sa ku yi zaton wani abu daban.

Ga abin da ke hana ni barci, kuma a gidanmu ba wanda ya sani sai ni da Abba.

Abba ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a gidan burodi, kullum ƙarfe uku na dare yake fita. Ya ajiye aikin shekara shida da suka wuce, gidan burodin ma yanzu tayoyi ake sayarwa a wurin. Wata biyar baya na tashi shan ruwa na tarar da ƙofar gida a buɗe. Na zura dogon mayafi a kan rigar barci na fita ba takalmi. A layi na biyu na cim masa, da farar hularsa ta aiki, yana sauri kamar wanda ake jira. Na riƙe hannunsa, ya fizge ya ce in sake shi, ƙullun burodi zai kumbura ya zube. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba. Can sai ya tsaya ya dubi titin, ya dubi ƙafafuna, na ga hankalinsa yana dawowa cikin idonsa a hankali. Ya zauna a dakalin wani shago ya cire hular ya riƙe ta a hannu.

"Kada uwarki ta ji," ya ce. "Kada kowa ya ji, Auta. Ki yi mini alkawari."

Na san dalilinsa. Yayansa ya yi irin wannan ciwon, aka sa masa kwaɗo a ɗakin baya har ya koma ga Allah, kuma Abba ne ke kai masa abinci ta taga. Ban taɓa ganin ubana yana roƙon mutum ba sai ranar. Na yi alkawarin.

Da rana lafiyarsa ƙalau. Yana gyara tsohuwar rediyonsa, yana tsokanar Umma a kan gishirin miya, yana tuna sunan kowa. Abin sau biyu ko uku yake zuwa a mako, amma ba ya sanarwa, don haka kullum kunnena na kan sakatar ƙofa. Da na ji ƙarar ta sai in fito in ce masa an aiko cewa yau ba aiki, sai ya ce to, ya koma ya kwanta. Na taɓa ɓoye makullin, ya birkita ɗakinsa yana nema yana ɗaga murya, saura kaɗan Umma ta farka, ban sake ba. Ita Umma maganin hawan jinin da take sha da fankar ɗakinta mai ƙarar injin niƙa sun isa su hana ta jin komai har asuba.

Amma uwa ba ta buƙatar jin sakata kafin ta ga idon 'yarta. Ta hana ni shayi da yamma. Ta canja mini matashi. Ta sa aka juya gadona ya fuskanci wani bangon. Sai wata ranar Lahadi saƙon murya na minti goma sha ɗaya ya faɗo a guruf ɗin matan unguwa, wani mutum mai muryar tabbaci yana bayani a kan wani tururi da ido ba ya gani, wanda ya ce yana fita daga waya da caja da firij da na'urar waifai, ya ratsa bango ya hana ƙwaƙwalwa hutawa. Umma ta saurara sau uku. Ta kira ni ta tambayi yaushe aka kafa mana na'urar, na ce wata shida. Ta tambayi yaushe barcina ya ƙaurace, na ce wata biyar. Ta tashi ta ɗaura ɗankwali tamau.

Kafin la'asar ta kwashe cajoji uku daga ɗakina, ta cire agogon lantarki da ke kan durowata, ta sa ni da Abba muka ja firij daga bangon da ke jikin ɗakina har muka kankare tayil. Na'urar kuma ta lulluɓe ta da tsohon tawul. Abba yana ja yana haki yana satar kallona, ni kuma ina kallon ƙasa.

Da ma a nan abin ya tsaya. Washegari ta tuna cewa Mai Tsani a saman shagonsa yake zaune, kuma nan ya ce zai ajiye ni. Ta taɓa zuwa wurin sau ɗaya, ta ga ƙasa cike da na'urori masu ƙyafta fitilu, ta ga dogon ƙarfen eriya a kan rufin. Ta ce guda ɗaya tak ta mayar da 'yarta haka, ina ga gidan da ke da arba'in. Ta ce yaron kirki ne, ba ta da abin faɗa a kan halinsa, amma maganar sa rana a dakata.

Yaya ta kira ni daren nan, ko sallama ba ta gama ba ta fara. Ta ce ta gaji da amsa tambayar dangin mijinta, ta ce sa'o'ina suna kai 'ya'ya makaranta ni ina goge gilashi, ta ce in buɗe baki in kare mutumin nan kafin wata ta ɗauke shi da tsaninsa. Bayan ta kashe sai saƙonni suka biyo baya, guda tara a jere, na ƙarshen hoton wani leshi ne ruwan zuma da ta ce ta riga ta zaɓa wa kanta. Na rubuta mata "To Yaya", na kife wayar.

Shi kuwa saƙonsa ɗaya ne: "Ranki ya daɗe, na ji an kama na'urata da laifi. Gobe zan zo belinta."

Ya zo bayan la'asar da shuɗiyar riga mai dogon hannu, a goge, alamar abin ya dame shi, don shi mutumin rigar aiki ne mai aljihu shida. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar Abba. Na kawo ruwa na koma bakin ƙofar falo na raɓe, da doguwar rigata mai ruwan toka wadda ko guga ban iya yi mata ba. Na zaci zai yi gardama, ko ya yi wa saƙon dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce ya zauna ya karanta abin da ya samu a kan maganar, ya ga masu cewa akwai illa, ya ga masu cewa sun gwada ba su ga komai ba, kuma mafi yawan abin da ya karanta sun fi ɗora laifin a kan hasken waya da daɗewa ana latsa ta a gado. Ya ce shi ba likita ba ne, kuma ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Amma ana iya gwadawa a cikin gidan nan.

Umma ta ce a gwada yaya.

Ya fito da kwali daga jakarsa, da faffaɗan salatif, da wani ɗan agogon soket da ke kunna abu ya kashe shi da kansa a lokacin da aka tsara masa. Ya ce zai saka na'urar a kwalin ya rufe fitilunta, a ɗora a saman kabad ɗin korido, dare goma sha huɗu. Wasu dararen za ta yi aiki, wasu za ta mutu, kuma ba wanda zai san wanne ne wanne. Shi kansa ba zaɓa ya yi ba, kwabo ya jefa sau goma sha huɗu ya rubuta abin da ya fito, ga takardar a ambulan a manne. Ƙarfe goma kowa ya miƙa wayarsa ga Umma don kada a leƙa a ga ko na'urar tana aiki. Ni kuma kowace safiya in rubuta a littafi ko na yi barci ko ban yi ba. Ranar sha biyar a buɗe ambulan a haɗa da littafin.

Umma ta juya ambulan ɗin a hannunta, ta ɗaga shi a haske. Na ga abin ya burge ta duk da ta ɗaure fuska.

"In ta fita da gaskiya, a sa rana," ta ce. "In kuma ita ce, ka ji dai abin da na faɗa."

"Na yarda, Umma."

Har sa hannu ta yi a kan salatif ɗin da biro, don kada a buɗe a mayar. Abba ya yi dariya ya ce yau gidansa ya zama kotu.

Jama'a, ni na san na'urar ba ta da laifin komai. Na san abin da littafin zai nuna in na rubuta gaskiya: ban yi barci ba, sau goma sha huɗu, da wuta da babu wuta. Za a wanke ta, a sa rana, Yaya ta ɗinka leshinta, a kai ni saman shago a wata unguwa. To ranar da sakata ta yi ƙara ƙarfe uku, wa zai ce masa yau ba aiki? Titinmu manyan motoci ke bi da dare. Wannan tunanin na kwana da shi a daren farko, da safe na rubuta gaskiya, ban yi barci ba.

A dare na biyu Abba ya fito. Na mayar da shi ɗaki, na tsaya a korido ina jiran numfashinsa ya daidaita. Ban san abin da ya kai ni ba, na jawo kujerar roba na taka, na ɗora tafin hannuna a bayan kwalin inda aka huda ramukan iska. Da ɗumi. Ɗan kaɗan, kamar kofin da aka gama shan shayi a ciki. Na daɗe a tsaye a kan kujerar nan. Mutumin ya rufe fitila, ya karɓe waya, ya jefa kwabo, amma bai yi tunanin cewa wadda ake gwajin dominta za ta hau kujera da tsakar dare ta shafa kwali ba, don shi bai ɗauke ni mai yin haka ba.

Na ce wa kaina jinkiri kawai nake nema. Wata uku, wata huɗu, kafin in san yadda zan yi da Abba. Na ce Umma za ta huce, shi kuma zai jira, ai yana sona. Haka na lallashi kaina. Daga ranar, in kwali da ɗumi sai in rubuta ban runtsa ba, in da sanyi sai in rubuta na yi barci har da mafarki.

Ashe rubutawar ce mai sauƙi. Ranar da na ce na yi barci, dole fuskata ma ta ce haka. Sai in shiga banɗaki da ƙanƙara a tsumma in danna a idanuna har su daina ja, in zizara kwalli, in shafa hoda a ƙarƙashin ido, in fito ina 'yar waƙa ina shara. In gaishe da Umma da murya mai ƙarfi. Har ƙari nake nema a karin kumallo, ni da ko ruwa ba ya wuce mini da daɗi. Ita kuma sai ta kalle ni ta gyaɗa kai ta ce ai ga shi nan, yau kin dawo mutum. Ina fita ƙofa sai kafaɗuna su zube. A motar haya na taɓa wuce tasharmu da tasha huɗu, goshina a jikin gilashi. Ban taɓa sanin cewa nuna hutu ya fi rashin hutun gajiyarwa ba sai a makonnin nan biyu.

Kullum da safe saƙon Mai Tsani na jirana in Umma ta miƙo mini wayar. Ba ya tambayar abin da na rubuta, ya ce hakan zai ɓata gwajin. Sai dai ya ce "Allah ya sa kin huta", ko ya turo hoton labulen da ya saya wa ɗakinmu, mai kauri, wai don kada hasken titi ya dame ni. Ina ganin hoton nan na shige bayan kanta a shago na yi kuka kaɗan, na goge ido da tsumman goge gilashi.

Ranar sha biyar aka taru a falo. Yaya ma ta zo, da jakar hannunta mai sarƙa da turarenta da ke riga ta shiga ɗaki. Umma ta duba sa hannunta a kan salatif ta tabbatar ba a taɓa ba, sannan ta farke ambulan. Yaya na karanta takardar Mai Tsani, Umma na bin littafina da yatsa. Daren farko a kashe take, ni kuma na ce ban yi barci ba. Na ga ya ɗan saki numfashi. Dare na biyu a kunne, ban yi ba. Na uku a kunne, ban yi ba. Na huɗu a kashe, na yi. Daga nan ba ka jin komai sai muryar Yaya tana raguwa, da yatsan Umma yana sauka layi bayan layi. Goma sha uku cikin goma sha huɗu.

Mai Tsani ya nemi a ba shi takardun biyu. Ya jera su a kan gwiwarsa ya bi da kansa, ya sake bi. Umma ba ta yi murna yadda na zata ba, ta dai ce Allah ya gani ba ƙiyayya ba ce. Yaya ta harare ni kamar ni na ƙera tururin. Abba yana ta murza hular da ke kan cinyarsa, kuma ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Mai Tsani ya ɗago ya kalle ni. Na shirya wa fushi, na shirya wa zargi, har na tanadi abin da zan ce in ya tambaye ni ko na leƙa.

"Ki yafe mini," ya ce. "Wata biyar kina wahala da abin da na kafa da hannuna, ni kuma ina zuwa ina yi miki wasa a kai."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya ɗauko kwalin daga kan kabad, ya naɗe wayoyin a hannu yadda ya saba, ya cire har ƙusoshin da suka riƙe su a bango. Ya yi wa Abba da Umma sallama ya fita.

Kwana huɗu ban gan shi ba. Saƙonninsa suka gajarce: "Ina nan lafiya." "Akwai abin da nake shiryawa." Na ce shi ke nan, jinkirin da na nema ya zama rabuwa, kuma ni na saya da hannuna. Ga wani sabon aiki, tunda an fitar da na'urar dole kullum in tashi da fuskar wadda ta ƙoshi da barci. Ƙanƙara da kwalli da hoda, kowace safiya. A cikin kwanakin Abba ya fito sau biyu, na biyun har ya zare sakatar kafin in iso, don barci ya sace ni a zaune a bakin gado.

Jiya da yamma na dawo daga aiki na tarar da takalmansa a ƙofar falo. Ina shiga Umma ta tashi da fara'ar da na daɗe ban gani ba, ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya yi mini zaɓi, ta shige ciki ta bar mu. Abba yana ɗakinsa, ana jin rediyonsa ƙasa-ƙasa. Na zauna a hannun kujera da jakata a kafaɗa, ko mayafi ban cire ba.

Ya ce ya bar wa abokin aikinsa shagon. Shagon da ya fara da tsani ɗaya na aro, ya yi shekara takwas yana ginawa. Ya ce kawunsa na da wurin sayar da fenti, zai koma can ya tsaya a kanta. Ya samu ɗaki biyu a wani layi da ya zagaya da ƙafarsa ya tabbatar ba dogon ƙarfe ko ɗaya kusa, kuma a ɗakin barci ko soket zai sa a toshe. Ya riga ya faɗa wa Umma, ta amince, ranar Asabar za a zauna a sa rana.

Na ce masa ba zai yiwu ba, sana'arsa ce, ita ya iya, ita yake so. Na ce ko fenti bai san bambancin mai da na ruwa ba. Ya yi murmushi ya ce zai koya. Na ce wataƙila gwajin kuskure ne, a sake. Ya girgiza kai ya ce shi ya tsara shi da kansa, kuma mutum ba ya tsara gwaji sannan ya ƙi sakamakon don bai yi masa daɗi ba.

"Ba zan kai ki gidan da ba za ki yi barci ba, Auta. Sana'a ana sake wata."

Na yi ƙarya don in zauna kusa da ubana, ga shi Asabar za a sa rana duk da haka, kuma na raba bawan Allah da abincinsa a banza. Na rasa inda zan sa idona, sai na sauke shi a kan jakar aikinsa da ke gefen ƙafarsa. Ya ga ina kallo, ya ce yau zai miƙa ta ga abokin nasa, daga aikinsa na ƙarshe yake. Don ya sauƙaƙa mini zancen, ina ji, ya buɗe ta yana nuna mini abin da ya rage a ciki. Ya ɗago wasu 'yan fararen robobi guda biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, da wani ƙaramin abu mai kama da sabulu.

Ya ce wata mata ce ta kira shi, mahaifiyarta ta tsufa, tana tashi da dare ta buɗe ƙofa ta kama hanya. Matar ta yi kusan shekara tana kwana a zaune. Ana manna ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya a jikin bango, wannan kuma a ajiye shi kusa da matashi. Ƙofa na buɗewa zai yi ƙara a kunnen mai kula, shi kaɗai, tsohuwar ma ba za ta san da shi ba. Ba kwaɗo, ba kulle kowa. Minti goma ya ɗauke shi. Makon jiya ya saka mata a ƙofar gaba, yau ya koma ya ƙara mata a ta baya, ta riƙe hannunsa tana ta sa masa albarka, ta ce yanzu tana kwanciya ta yi barci kamar kowa. Wannan saura ne, ya ce, zai mayar shago.

Na karɓa na riƙe a tafin hannuna. Ba shi da nauyin komai. Wata biyar, jama'a. Wata biyar mutumin nan yana zuwa gidanmu duk mako da jakar nan a kafaɗa, kuma yanzu da bakina na sa an haramta wa duk wani abu mai batir shiga gidan. Daga ɗakin Abba na ji an rage muryar rediyo. Alkawarin da na yi a dakalin shago yana nan a wuyana, na kuma san in na buɗe baki ba alkawarin kaɗai zan karya ba, sai na faɗi yadda aka yi kwali ya ci goma sha uku.

Ya miƙo hannu zai karɓa, na ƙi saki.

"Ƙofarmu ta ƙarfe ce," na ce. "Yana kamawa a jikin ƙarfe?"

Ya ce yana kamawa, da bakinsa kawai, don na ga hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Ya kalli hodar da ke ƙarƙashin idona, wadda zufar motar haya ta wanke rabinta. Ya kalli korido, inda kabad yake da kujerar roba a gefensa. Sannan ya ajiye jakar a ƙasa, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Auta, wa ke fita?"